Fito a Sahun Gaba

Akwai maganar da ba ta taɓa fita daga bakin Babanmu ba, ita ce “ban ji ba”. Da kunnensa ya fara nauyi, sai ya ƙirƙiro dabara. Gaisuwa dai a jere take, kowa ya san abin da ke bin wani, don haka ya koma amsawa da ka. Matsalar guda ce, Baba yakan makara da taki ɗaya. A ce masa “Ina kwana?” ya tsaya yana duban bakin mutum. A ce “Ina gajiya?” ya ce “Lahiya lau.” A ce “Ina iyali?” ya ce “Babu gajiya.” Mutanen Kwatarkwashi suka saba, ba wanda ya ce uffan, har ranar da maƙwabcinmu ya gama gaisuwa ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, san noman nan nawa ya mutu jiya.” Baba ya washe baki ya ce, “To madalla, madalla.”

Inna, matarsa kuma mahaifiyarmu, ita ta kwarma masa abin da ya yi a cikin kunne bayan baƙon ya tafi. Daga ranar Baba ya janye jikinsa. Ya bar zaman ƙofar gida. Mutumin da tun muna yara wurinsa a masallaci yake bayan liman, ya koma sai an tayar da salla ya lallaɓa sahun baya, ana sallamewa ya ɗauki takalmansa. Wasu lokutan ma a ɗaki yake yi.

Ana cikin haka aka sa auren autar Baffa, ƙanin Baba da ke zaune a Tsafe, bayan kaka. A danginmu uba ba ya ba da ’yarsa da bakinsa, wansa ke bayarwa. Duk ’ya’yan Baffa mata Baba ne ya yi musu walicci, wannan ce ta ƙarshe. Sai Inna ta kira ni ta ce an fara ƙus-ƙus, wai a nemi wani ya tsaya, kada a zo neman aure a gaban jama’a Baba ya ce “Babu gajiya.” Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa Inna ina raye ba za a zare Baba daga tabarmar nan ba, kowa ya kwantar da hankalinsa.

Ni malamar lantarki ce a wata makarantar koyon sana’a a Gusau. An taɓa saya wa Baba irin abin kunnen nan na asibiti, ɗan mitsitsi, batirinsa ba a samunsa a ƙauye, shi kansa kuma ya ƙare rayuwarsa a cikin ƙwaryar fura. Na ce wannan karon ni zan haɗa masa da hannuna, babba, mai cin batirin tocila, wanda ko ya faɗa fura za a gan shi.

Zuciyar irin wannan na’ura wani ɗan baƙin abu ne mai ƙafa takwas, bai fi ƙwayar wake ba, muna kiransa ofam. Kunne biyu gare shi da baki ɗaya. Aikinsa ya saurari bambancin da ke tsakanin kunnuwan nan ya kambama shi, kuma ba shi da hankalin tsayawa, ka yi masa raɗa ya kwarma ihu iyakar ƙarfin batir. Shi ya sa ba a barinsa sakaka. Ana ɗibar kaɗan daga abin da bakinsa ya fitar, a bi da shi ta rasista, wato ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, a mayar masa a kunnen da ke ragewa. Da ya ji kansa sai ya sassauta. Amma da sharaɗi, sai saƙon ya iso a kan lokaci. In ya makara, tsawatarwa ta koma zuga: a ce masa “rage” bayan ya riga ya rage, sai ya zarce ƙasa, a ce “ƙara” bayan ya ƙara, sai ya zarce sama. Daga nan ya kama lilo shi kaɗai, ba mai yi masa magana, yana ta kuka. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai wannan a kan allo, ina zagin masu gyangyaɗi.

Na haɗa akwatin a cikin gwangwanin alawa, da makirfo a jikinsa, da gajeriyar waya zuwa abin sa wa a kunne, da maɓallin murɗawa na ƙara murya. A kan teburina tsit yake, sai abin da aka faɗa masa. Na kai Kwatarkwashi na rataya wa Baba a ƙirji. Na koma bakin ƙofa na ce a hankali, “Baba, ina wuni?” Ya ɗago a firgice ya ce, “Lahiya lau, Uwata.” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Inna ta rangaɗa guɗa da rana tsaka har kaji suka watse. Na koma Gusau ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiri wutar lantarki.

Abin da ban sani ba, Baba bai yarda a gan shi da gwangwani a ƙirji ba. Kashegari ya hau mota ya tafi Bungudu wurin mai gyaran rediyo, ya ba da umarni. A ciro makirfon daga gwangwanin a sa masa doguwar waya, a ƙara wa ta kunne tsawo ita ma, ta yadda gwangwanin zai kwanta a aljihun ’yar ciki, wayoyi su bi ta cikin riga, makirfo ya ɓuya a cikin naɗin rawani. Mai gyara ya yi abin da aka sa shi, aikinsa ma tsaf. Sai dai makirfon ya koma maƙwabcin abin kunne, tsakaninsu bai kai tsawon ɗan yatsa ba. In Baba yana tsaye kai a miƙe, lafiya lau. Da ya sunkuya rawani ya motsa, sai muryar da ta fita ta kunne ta sake faɗawa makirfo, a kambama ta, ta sake fita, ta sake komawa. Abin ya riƙa sakin wani siririn fito mai tsini, fiiiii. Kowa na ji ban da Baba, don siraran sauti su suka fara barin kunnensa.

Ga shi kuma in akwai abin da Baba ya tsana a duniya, fito ne. Ya ce aikin marasa tarbiyya ne, yana kiran macizai da abin da ya fi macizai. Yayyena maza duk sun sha carbi a gadon baya a kan fito.

Baba ya koma sahun gaba da ƙarfinsa. Liman ya ce “Allahu akbar” a yi ruku’u, sai fiiiii daga bayansa. A ɗago, shiru. A yi sujada, fiiiii, har sai an ɗago. Mutane suka gane daga inda abin ke fitowa tun ranar farko, amma wa zai tari dattijo kamar Baba ya ce masa yana fito a salla? Ladan ya gaya wa matarsa. Matar ladan ta gaya wa ƙanwar Inna a wurin suna. Ƙanwar Inna ta yi ta juya maganar a ciki kafin ta kai wa Inna, a nannaɗe cikin addu’o’i. Inna kuma, da ta tuna yadda Baba ya shige ɗaki bayan maganar mutuwar san maƙwabci, ta ce ba da bakinta ba. Sai ta kira ni.

Sabis a gidanmu sai an hau turmi. Muryar Inna tana zuwa tana yankewa. A bakinmu na Zamfara kuma fito hito ne. Na ji ta ce, “Babanki hwa shina ta hito… masallaci hito… wurin gaisuwa ma hito…” Ni kuwa na ɗauka fitowa take nufi, sabis ne ke cinye “wa” ɗin ƙarshe. Na daka tsalle a ofis.

“Alhamdu lillahi! Inna, ai abin da muke nema ke nan. Ku bar shi ya yi ta yi!”

“Mi kika ce? A bar shi?”

“A bar shi mana! Ki ma murɗa masa maɓallin nan gaba kaɗan, ya ƙara jin daɗi.”

Inna ta ce, “To, ke ce mai ilimin abin.” Ta sauka daga turmi ta je ta murɗa.

Da aka ƙara ƙarfi, fiton ya daina jiran ruku’u. Baba ya gyaɗa kai, fii. Ya waiwaya, fii. Liman ya rasa yadda zai yi, sai wata rana bayan la’asar ya tsaya ya yi nasiha a dunƙule, a kan ladabin masallaci, da masu barin waya a kunne, da duk wani sauti da ke raba mutane da natsuwa. Baba, da yake yanzu yana ji rangaɗaɗau, ya yi ta gyaɗa kai yana cewa “Gaskiya ne, Malam,” kowace gyaɗawa da fitonta. Da liman ya gama Baba ya juya ya fuskanci samarin sahun baya, ya ce duk ɗan da aka kama yana fito a ɗakin Allah a kawo masa shi, ko ɗan waye. An ce wani saurayi sai da ya cusa hularsa a baki ya fita da gudu.

Wanda ya kawo ƙarshen abin taubashin Baba ne, ɗan gwaggonsa, wani tsoho mai sayar da buhuna a Bilbis. Tsakanin taubasai babu kunya, tun suna yara zagi ne gaisuwarsu. Ya zo ziyara, suka tafi azahar tare, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Baba. Ana sallamewa, ko addu’a bai jira ba.

“Kai, tsohon banza! Da gemunka da rawaninka, hito kaka yi gaban Ubangiji?”

Baba ya ce, “Wa? Ni? Tsufa ya taɓa maka kai.”

Taubashin ya sa hannu ya danna kan Baba ƙasa. Fiiiii. Ya sake shi, shiru. Ya sake dannawa. Ya juya ga jama’a ya ce, “Kun ji ko ba ku ji ba?” Kowa ya kama duban yatsun ƙafarsa. Baba ya dubi liman. Liman ya gyara murya ya ce, “E to, Malam, ana ɗan ji.”

“Tun yaushe?”

“An ɗan kwana biyu.”

Baba ya tashi ya tafi gida. Ya warware rawani, ya zare wayoyin, ya naɗe su a jikin gwangwanin ya miƙa wa Inna. Ya ce a aika wa Baffa ya nemi waliyyi, shi ba ya zuwa Tsafe.

Taubashin ne ya kira ni da kansa, daga kan tudu inda sabis ke da kyau, ya zayyana mini komai yana dariya har da tari. Ya ce, “Injiniya, kin mai da ubanki tsuntsu.” Ban yi dariya ba a lokacin, sai daga baya. Na shiga motar Kwatarkwashi ina huci, ina faɗa da kowa a zuciyata, da ladan da matarsa da mai gyaran rediyo da kamfanin sabis.

Na tarar da Baba a ɗaki a kan buzu, ba rawani, kansa fari fat. Na durƙusa kusa da kunnensa na ɗaga murya na ce laifin na’ura ne, zan gyara. Ya dube ni.

“Uwata, hiton bai yi mani zahi ba kamar shirun. Mutanen nan ni na raɗa wa ɗiyansu suna. Tun gero bai nuna ba nike abin nan gabansu, kowa na gaishe ni shina murmushi.”

Tausayinsa ya kama ni. Na ce, “Girmanka suka gani, Baba.” Ya ce bai ga girma a nan ba. Na karɓi gwangwanin da wayoyinsa yadda suke, na roƙi Inna tsohon rawaninsa ɗaya, na koma Gusau.

A ɗakin gwaji muna da na’urar da ke zana sauti a kan gilashi. Na tura wa ofam sigina mai hawa da sauka tsaye, kamar matakala. Da gajeriyar wayata, zanen yakan hau ya tsaya cak. Da doguwar wayar Bungudu, sai ya hau ya zarce, ya dawo ya wuce ƙasa, ya yi ta tangal-tangal kafin ya zauna, kamar ruwa a bokitin da aka dire da ƙarfi. Doguwar waya tana riƙe caji, ta sa saƙon da ake mayar wa ofam yana makara. Bai kai ga kuka shi kaɗai ba, amma yana bakin ramin, kuma siraran sauti ya fi kambamawa, daidai inda fito ke zaune. Ga makirfo a jikin kunne, ga maɓallin da ni da bakina na ce a murɗa. Abin ma ya yi haƙuri.

Na san ba zan ci nasara a kan rawani ba, Baba ba zai rataya gwangwani a ƙirji ba ko za a yi me. Don haka na bar wayoyin da tsawonsu. Na sa ƙaramar rasista a bakin ofam ta raba shi da nauyin waya. Na ɗora ’yar kafasita, wadda ke buɗe wa siraran sauti hanya, a kan rasistar da ke mayar da saƙo, don siraran sauti su riƙa komawa da wuri su danne kansu. Na saukar da makirfo zuwa wuyan riga. Sannan na yi abin da ya fi yi mini ciwo, na ƙara yawan abin da ake mayarwa, ƙarfin ya ragu sosai, yadda ko Inna ta murɗa maɓallin har ƙarshe ba zai kai inda ake fito ba.

Saura gwaji. Na samo ƙwarya na kife a kan kujera, na huda gefenta na cusa abin kunne, na naɗa mata rawanin Baba, na yafa mata zane. Na riƙa sunkuyar da ita ina ɗagowa, ina karkata ta dama da hagu. Ina cikin haka shugaban sashenmu ya turo ƙofa, ya ga rawani, ya rage tsawo ya ce, “Sannu da hutawa, Malam.” Da ƙwaryar ba ta amsa ba ya dube ni, ya dube ta, ya ja ƙofar a hankali ya fita. Har yau bai tambaye ni ba.

Da na mayar, taubashin yana gidan, wai buhuna ya kawo. Ƙarya yake yi, ba mai sayen buhu a gidanmu. Na sa wa Baba na’urar, na gaya masa gaskiya: ba zai ƙara fito ba, amma ba zai jiyo nesa ba, iyakarsa wanda ke tabarma ɗaya da shi.

“In mutum na nesa hwa?”

“Sai ka ce ba ka ji ba, ya matso.”

Ya dube ni kamar na zage shi. Taubashin ya ce, “Bar shi, Injiniya. Shi kaɗai ne bai san an san kurma ne ba.” Baba ya ɗauki carbi zai kai masa, muka ga ashe ya ji. Ya gyara zaman na’urar ya sunkuya, ya ɗago, ya girgiza kai da ƙarfi yana duban fuskar taubashin, don ita kaɗai ya yarda da ita yanzu. Taubashin ya ce, “Shiru. Tsuntsu ya mutu.” Baba bai ce zai je Tsafe ba, amma da yamma Inna ta ga ya ciro babbar rigarsa ya shanya.

Ranar ɗaurin aure mu mata muna cikin gida, maza suna ƙofar gidan Baffa a ƙarƙashin rumfa. Na bar tukwane na je na lafe a jikin katangar zaure, inda ake jiyo waje. Duk gidan ana hayaniyar biki, ni kuwa shiru nake nema. Aka yi salati. Na san nan Baba zai sunkuyar da kai ya shafa, na kasa kunne. Ba fito.

Sai wakilin ango ya fara magana. Mutum ne mai ladabi, ya zauna can gefen rumfa, muryarsa ƙasa-ƙasa don girmama manya. Ni da ke bayan katanga da ƙyar na tsinci ƙarshenta, yana nema wa ɗansu auren ’yarmu. Ya gama. Aka yi tsit ana jiran waliyyi. Shirun ya yi tsawo har na ji wani ya yi tari, na ji Baffa ya fara gyara murya zai shiga. Na san Baba yana duban bakin mutumin, yana lissafin inda aka kai, kuma “madalla” tana kan harshensa.

Sai na ji muryarsa, da ƙarfi, yadda duk rumfar za ta ji.

“Ban ji ba. Kunnena ya yi nauyi. Matso kusa, ka sake hwaɗi.”

Na ji motsin tabarma, mutum yana jan jiki. Taubashin ya ce, “Ƙara matsowa, ba ya cizo, haƙoran sun zube.” Rumfa ta ɗauki dariya, har da Baba a ciki. Wakilin ya maimaita, wannan karon gwiwarsa na gugar ta Baba, kamar yadda aka ba ni labari. Bai rufe baki ba Baba ya ce, “Yanzu na ji. Na ba ku.”

Aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya, mata suka ɓarke da guɗa. Ni ina jikin katanga ina kuka wiwi, majina da hawaye. Wata gwaggonmu ta zo wucewa da tiren shinkafa ta tsaya ta ce, “Haba, ke kuwa, amaryar ma ba ta yi wannan kukan ba, nan da Gusau ne hwa za a kai ta.” Na ce mata e, na sani, na karɓi tiren na kai wa baƙi.